Darasi na Tara: Karen da Ke Cin Kashi

Kare yana da aiki a ƙauye. Shi ne mai gadin turke da dare, shi ke tada maigida in ɓarawon awaki ya raɓi darni, shi ke bin samari farauta bayan an gama kaka. Addini ma bai hana ajiye shi don gadin gona ko dabbobi ko don farauta ba. Sai dai yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani, amma ba mai son ambatonta a zaure: yana cin kashi. Yana cin na mutum, na kaji, na jaki, wani lokaci har nasa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, saboda haka a wannan darasi za mu kira abin da sunansa.

Masu kare sun kasu a kan wannan. Wani ya ɗauki sanda. Wani ya kau da kai, ya ce ai kare ne, me ake jira daga gare shi? Akwai kuma gidajen da suka mai da abin aiki: da yaro ya tsuguna a tsakar gida sai a kira kare ya share wurin. Duka ukun ba wanda ya raba gidansa da cuta. Kare ba ya cin abin da bai samu ba. Yawancin gyaran da za mu karanta a nan ba a jikin kare za a yi shi ba, a tsakar gida ne da bayan darni.

Me ya sa yake ci?

Babban dalili yunwa ce. Karen ƙauye ba a cika dafawa da shi ba. In an kankare tukunya a watsa masa ƙanzo, in ba a samu ba ya je ya nemi na kansa. Kashin mutum kuwa ba ya rasa sauran abinci a ciki, domin ciki ba ya narkar da duk abin da aka ci, kuma hancin kare yana jin wannan tun daga nesa. Wasu masu bincike biyu, Butler da du Toit, sun bi sawun karnukan ƙauye a ƙasar Zimbabuwe suna auna abin da suke ci. Sakamakon da suka fitar a 2002 ya nuna kusan ɗaya bisa biyar na abincin waɗannan karnuka kashin mutum ne, ya kusa kamo tuwon masarar da ake ba su. Wanda ya san ƙauyukanmu ba zai yi mamaki ba.

Amma ba yunwa kaɗai ba ce, akwai gado a ciki. Karya mai jego tana lashe 'ya'yanta tana cinye kashinsu har su kai kamar mako uku, don makwancinsu ya zauna da tsabta. Wannan ba ciwo ba ne, kada a hana ta. 'Yan kwikwiyo su ma sukan ɗanɗana duk abin da suka gani a ƙasa, da yawa kuma sukan bari in sun girma. A Amurka, inda ake ciyar da kare da abincin kanti har ya bari, wani likitan dabbobi na Jami'ar Kalifoniya mai suna Benjamin Hart ya yi wa masu karnuka kimanin 3,000 tambayoyi, ya wallafa sakamakon a 2018. Karnuka 16 cikin kowane 100 an kama su suna cin kashin kare sau shida ko fiye. Galibi sabo suke nema, wanda bai wuce kwana biyu ba. Ka riƙe wannan, domin yana nufin wanda ya riga kare kwashewa ya gama da maganar.

Akwai kuma karen da ciwo ne ke sa shi. Tsutsar ciki na kwashe abincin da ya ci, sai ya zauna kullum cikin yunwa. Za mu zo kan wannan a gaba.

Ba sauran daji

Dattawa za su ce tun kaka da kakanni ake zagayawa bayan gari, ba abin da ya faru. A wasu wurare da sauran daji mai nisa. A nan babu. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, har Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, gona ta haɗe da gona, ƙauye yana hango ƙauye. Tun a shekarun 1960 wani Baturen Ingila masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya auna karkarar da ke kewaye da Kano, ya ga sama da takwas cikin goma na ƙasar ana nome ta kowace shekara ba hutu. Yau mutane sun ninka na wancan lokaci. Duk inda mutum ya tsuguna, gonar wani ce, ko hanyar rijiya, ko inuwar da yara ke wasa. Da damina gero yana rufe shi daga idon mutane, amma ba ya rufe abin da ya bari daga hancin kare. Daga nan zuwa tsakar gida kuwa gudun minti biyu ne.

Abin da yake kwasowa

Karen da ya ci kashin mutum zai dawo gida da shi a baki da gashin haɓa da ƙafafu. Zai sa baki a bokitin ruwa, ya lashi kwanon da aka bari ba a wanke ba, ya lashi hannun yaro mai rarrafe. Cututtukan da ke fita ta kashi su koma ta baki sanannu ne: zawo, atini, taifot, amai da gudawa. Ƙuda ma yana wannan jigila, amma ƙuda ba a shafa kansa.

Macijin ciki ya fi wannan wayo. Mace ɗaya a cikin hanjin mutum tana iya zuba ƙwai kimanin 200,000 a rana, kuma ƙwan yana shekaru a ƙasa bai mutu ba. In kare ya haɗiye shi, ba lalle ya narke ba. A gonakin shayi na Assam a ƙasar Indiya an duba kashin karnuka an sami ƙwan macijin cikin mutum da ransa. Wato kare ya ɗauko shi daga gona, ya sauke a gindin rumbu.

Kare kuma yana da nasa tsutsotsin. Akwai wadda kwikwiyo ke samu tun yana cikin uwa. Ƙwanta yana fita a kashi, ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya nuna. In yaro ya ci ƙasar, tsutsar tana iya yawo a jikinsa ta taɓa hanta, wani lokaci har ido. Akwai wadda ke huda tafin ƙafar mai yawo ba takalmi, ta bar jan layi mai ƙaiƙayi yana tafiya a ƙarƙashin fata. A tsakanin karnuka kuma, ciwon nan da ke sa kwikwiyo amai da zawon jini ya mutu cikin 'yan kwanaki, ta kashi yake yaɗuwa.

Wadda ta fi shafar mai kiwo ita ce ƙaramar tsilar kare. Kowa ya taɓa ganin mahauci ya buɗe tunkiya ko raƙumi ya tarar da ƙullutu mai ruwa a hanta ko huhu, ya yanke wurin ya jefa wa kare. To, a nan kare ke ɗaukar tsilar. Sai ya yi kashi a gona ko kusa da harawa, dabba ta ci ƙwan tare da ciyawa, ƙullutun ya sake fitowa a cikinta. Mutum ma in ya haɗiyi ƙwan, ƙullutun yana girma a hantarsa shekara da shekaru, sau da yawa sai an yi masa aiki. Yankin Turkana na ƙasar Kenya yana cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya, kuma can an san ana barin kare ya lashe jariri in ya yi kashi ko tumbuɗi. Wata 'yar'uwar wannan tsila ita ke shiga ƙwaƙwalwar tunkiya ta riƙa juyi wuri ɗaya. Duk naman da ka ga ba ka yarda da shi ba, a kwata ko ranar layya, a binne shi da zurfi ko a ƙone.

"Ai na yaro ne"

Wannan ita ce maganar da ta fi wuyar kankarewa. Mutane da yawa suna ganin kashin jariri ba shi da illa tunda nono kawai yake sha. Gaskiyar ita ce yara sun fi manya yawan zawo da tsutsa, don haka nasu ya fi ɗaukar cuta. Kuma shi ne wanda ake yi a tsakiyar gida, kusa da murhu da randa. Karen da aka saba kira wa wannan aiki ya riga ya koyi cewa yaro na nufin abinci. Zai riƙa bin sa, ya lashe masa jiki, in ya ƙagu yana iya kai masa haƙori.

Sau da yawa matar gida ta san haka, nauyin surukarta take ji. Ba sai an yi musu ba. Ga misalin yadda zancen zai iya tafiya:

"Ke 'yar nan, bar wahalar da kanki, kira karen mana."

"To Inna. Sai dai a asibiti sun ce abin da ke sa masa yawan zawon nan ke nan. Bari in zuba a masai, ba wuya."

"Mu da muka raini ubansa haka, me ya same shi?"

"Allah ne ya kiyaye, Inna, da addu'arku. A bari mu gwada fo ɗin nan na wata guda mu gani."

Maigida shi ya kamata ya sayo fo ɗin, shi kuma ya kamata ya fara yi wa mahaifiyarsa bayani, kada ya bar matarsa da wannan nauyi.

Ta fuskar addini ma akwai abin lura. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke kwanon ruwan da ya sa wa baki sau bakwai. Kashin mutum kuwa najasa ne a wurin kowa, kuma bakin da ya ɗauko shi ya ɗauko najasa. Har kaza da akuya, in suna cin najasa, hukuncin kashinsu yana canzawa. An kuma hana yin bahaya a hanya da inuwa da wurin ɗiban ruwa. Mai son ƙarin bayani ya tambayi limaminsa.

Abin da ba ya aiki

Duka ba ya aiki. Kare ba ya haɗa sandar da aka buga masa yanzu da abin da ya ci ɗazu a gona. Abin da zai koya shi ne ya riƙa haɗiyewa da sauri in ya hango ka, ya kuma ji tsoronka. Karen da ke tsoron maigidansa bai da amfani a gadi. Tura masa hanci a cikin kashin zalunci ne kawai. Barbaɗa barkono ma wasa ne: wa zai bi gonakin ƙauye duka da garin barkono? Magungunan da ake sayarwa don wannan ɗabi'a, binciken Hart ya nuna ba su yi wa fiye da karnuka 2 cikin 100 amfani ba. Kada wani mai talla a kasuwa ya karɓe maka kuɗi.

Wasu sukan sa wa kare fiya-fiya ko shinkafar ɓera a abinci su huta. Ban da alhakin rai, guba ba ta san kare ba. Kaza za ta tsattsaga, yaro zai iya ɗauka, ungulun da ta ci mushen za ta bi shi, ga ungulu dama ta yi ƙaranci a garuruwanmu. Bayan wata biyu kuma a karɓo wani kwikwiyo, ya tarar da abin da na farko ya tarar. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Abin da ke aiki

Masai ne kan gaba, kuma masai mai murfi da ƙofa. Banɗakin da aka kewaye da tsohuwar zana, kare zai kutsa ta ƙasa. A yi wa ramin murfin katako ko na langa-langa mai mariƙi, a ajiye toka a gefe a riƙa zubawa don wari da ƙuda, a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. A nisanta ramin da rijiya kamar mita 30, wato taku 40 na babban mutum, kuma kada ya zama ruwan sama zai gangaro daga masai zuwa rijiya. Inda gida ya yi ƙunci, a nemi shawarar duba-gari kafin a haƙa. A wajajen Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, inda ƙasa take da rairayi, rami yakan rufta da damina, kuma wannan ne ke sa mutane su koma gona. A ɗaure bakin ramin da bulo, ko tsofaffin tayoyi, ko durom da aka fasa gindinsa. In ya cika a rufe shi da ƙasa, a bar shi shekara ɗaya zuwa biyu kafin a kwashe a kai gona. Ɗanyen kwasar masai da ake zubewa a gona da sunan taki, liyafa ce ga karnukan ƙauye duka.

Kashin yaro a tare shi a fo, a juye a masai nan take, a wanke fo ɗin, a wanke hannu da sabulu ko toka. Ruwan wankin tsumma ma masai za shi, ba tsakar gida ba. In larura ta kama mutum a gona, ya haƙa da fartanya fiye da taƙi ɗaya, ya rufe ya taka. Wannan maganin wucin gadi ne, domin kare yana tono.

Kashin karen kansa a kwashe shi kullum da safe da tsohon shebur, a jefa a masai ko a binne. Kada a zuba shi a kan jujin takin da za a kai gona, kada kuma ya kusanci harawa da ƙaiƙayin dabbobi. Na awaki da jaki da kare ke ɗan tsinta bai kai na mutum haɗari ba, amma in ana share turke ana tara takin wuri ɗaya a kewaye shi da ƙaya, an rage masa hanya, takin ma ya fi auki.

Sai ciyarwa. Na san za a ce mu ma da ƙyar muke ƙoshi. Gaskiya ne. Amma wanda ba zai iya ciyar da karnuka uku ba ya ajiye ɗaya. A ba shi sau biyu a rana a kaskonsa na kansa: ragowar tuwo, jiƙaƙƙen ƙanzo, dusa da aka dafa, ɗan romo, kan kifi, kayan ciki lafiyayyu da aka dafa sosai. Ruwansa ma a kaskonsa, don ya daina bin bokiti. Ya kamata ya ci na safe kafin a sake shi. Daga asuba zuwa hantsi, da kuma gab da magariba, lokacin da mutane ke fita zagayawa, a ɗaure shi a inuwa da doguwar igiya. Da dare, bayan an share gida, a kwance shi ya yi gadinsa. Kada a ɗaure shi yini da kwana, zai zama mai faɗa. In za a sa masa takunkumi, a sa mai kama da kwando wanda zai iya buɗe baki a ciki. Kare da haki yake rage zafin jikinsa, wanda aka ɗaure wa baki tam da bazara zai iya mutuwa.

Ana iya koya masa kalma ɗaya, kamar "bari". In ya nufi abin, ka ce "bari", in ya juyo ka ba shi ɗan ƙuli-ƙuli. Kwikwiyo ya fi saurin ɗauka. Amma kada ka dogara da wannan, yana aiki ne kawai in kana wurin.

Gida ɗaya ba ya iya wannan shi kaɗai, tunda kare bai san iyakar darni ba. In makarantar allo da kasuwa da tasha ba su da masai, karenka zai samu a can. Wannan magana ce ta mai unguwa da dagaci da liman. A watan Nuwamba na 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da yin bahaya a fili, a watan Oktoba na 2022 kuma aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da dukan ƙananan hukumominta 27 suka cika sharaɗin daina bahaya a fili. Kazaure da Ɓaɓura maƙwabtanmu ne. Ƙasarsu irin tamu ce, rairayinsu irin namu.

Wurin malamin dabbobi

Kwikwiyo ana fara ba shi maganin tsutsa tun yana mako biyu, a riƙa maimaitawa yadda malamin dabbobi ya tsara. Babban kare kuma duk wata uku. Ka faɗa wa malamin kana son wanda ke kashe tsila ma, domin ba kowane magani ke kashe ta ba. Kada a auna wa kare maganin shanu ko na mutane da ka. Bayan an ba shi, a binne kashin da zai yi na kwana biyu.

A gaggauta kai shi in yana ci amma yana ramewa, ko cikinsa ya kumbura, ko zawo ya ƙi tsayawa, ko babban kare ne da bai taɓa wannan ɗabi'a ba ya fara ta rana ɗaya.

Cin kashi ba ya jawo haukan kare. Wannan ciwo ta cizo da yawu yake shiga. Amma in kare ya canza hali farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana cizon itace da duwatsu, yana kai wa na gida hari, kada kowa ya taɓa shi. A kulle shi in zai yiwu ba tare da haɗari ba, a kira malamin dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran alama, domin in alama ta fito ba magani. Allurar rigakafin ana yi wa kare ita yana wata uku, sannan kowace shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin ta, kuma a wajajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, akan yi gangamin allura a wurare da dama.

Tambayoyi da aiki

1. Kawo dalilai biyu da ke sa kare cin kashi. Wanne ne cikinsu maigida zai iya gyarawa a wannan makon?

2. Me ya kamata mahauci ya yi da hantar da ya ga ƙullutu mai ruwa a jikinta? Don me?

3. Lissafi: ana ba babban kare maganin tsutsa duk wata uku. In unguwa tana da karnuka 14, sau nawa za a ba da magani gaba ɗaya a shekara?

4. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama dattijon da ke cewa haka muka gada, ɗaya ya ba shi amsa cikin ladabi.

5. Aikin gida: ka auna da taku daga masan gidanku zuwa rijiya mafi kusa, ka rubuta adadin. Ka duba ko ramin yana da murfi, ko kare zai iya shiga. Ku zo da abin da kuka rubuta, za a haɗa na ajin duka a takarda ɗaya a kai wa mai unguwa.